Yadda Haƙoran Roba Suka Raba Ni da Takwarata

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina taɓe baki, ina cewa ni kam ba za a taɓa jin nawa ba. To ga shi yau na ɗauki biro da hannuna.

Ni malamar firamare ce a Birnin Kudu har na yi ritaya, kuma duk wanda ya bi ta ajina ya san ni da abu ɗaya, wato tsabta. Kowace Litinin nakan jera yara a fili, in duba farce, in duba kai, in ce kowa ya buɗe baki. Wanda na ga ragowar tuwon jiya a haƙorinsa sai ya koma gida ya yi asuwaki, wani lokaci ma da bulala biyu a tafin hannu. A gida ma haka nake. Ƙyanƙyami gare ni na fitar hankali, ba na shan ruwa a kofin da wani ya sa wa baki, in ƙuda ya faɗa a miyata na bar ta ke nan. A cikin dangi kuwa ni ce mai guɗa. Ba a kai amarya ɗaki, daga nan har Gwaram, sai an aiko a ɗauke ni, don in na kama hanci na rangaɗa, unguwa uku sai ta ji. Ina da ji da kai, ba zan ɓoye ba, kuma bakina ba ya shiru a kan aibin kowa.

Bayan rasuwar maigidana sai ciwon dasashi ya sa ni gaba. Haƙoran ƙasa suka dinga girgiɗi ɗaya bayan ɗaya, har aka cire su duka. Haɓata ta shige, maganata ta canza, na daina fita biki. Ɗana, wanda shi kaɗai ne namiji a cikin 'ya'yana, yana zaune a Gwaram yana harkar riɗi, shi ya ce ba zai iya kallona a haka ba. Ya kai ni Kano wurin likitan haƙori. Aka dasa mini ƙusoshi biyu na ƙarfe a ƙashin muƙamuƙin ƙasa, aka jira watanni suka kama, sannan aka yi mini jerin haƙoran roba masu 'yan ramuka biyu a ƙarƙashi. In na ɗora su a kan ƙusoshin na danna, sai su ce ƙas, kamar maɓallin rigar jarirai. Wallahi ranar da na kalli madubi sai da na yi hawaye. Likitan ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce kullum kafin in kwanta in ciro su, in wanke da buroshi, in jiƙa a ruwa, in goge gindin ƙusoshin da kyau. Ya ce akwai 'yar roba a cikin ramukan nan da takan cinye, in na ji sun fara sakwarkwacewa in dawo a canza, aikin 'yan mintoci ne. Na ce masa to, har ina jin haushin a ce ni za a koya wa wanke baki.

Inda na fara cutar kaina shi ne da na dawo gida. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ke da irin haƙoran nan na da, waɗanda ake ajiyewa a kofi a bakin taga, kuma na sha yi mata dariya a bayan idonta. Da mata suka zo yi mini barka, sai bakina ya riga hankalina. Na ce musu nawa ba irin na kofi ba ne, dasa mini su aka yi a ƙashi, babu bambanci da waɗanda Allah ya halitta mini, ba sa fita. Suka yi ta mamaki, ni kuma ina ta washe baki. Daga ranar na ɗaure kaina. Wankewar da ya kamata in yi a sarari ta koma ta sata, sai na shiga makewayi na ja ƙofa, in ciro, in ɗauraye da sauri, in mayar. Kwana da su nake yi, don kada wata ta yi sammakon shigowa ɗibar wuta ta same ni da baki a lotse.

Haka na yi shekara guda da wani abu, har suka fara motsi. Na san abin da likita ya ce, amma na yi ta cewa sai wani satin. Ana nan aka yi bikin 'yar ƙanwata a Zandam. An shigar da amarya, tsakar gida maƙil da mata, aka ce Malama bisimilla. Na kama hanci, na wage baki, na saki guɗa. Ban kai rabi ba na ji abu ya yi tsalle daga bakina. Allah ya taimake ni na tare da mayafi, na duƙa kamar tari ya sarƙe ni, na mayar da su da yawu da zaren mayafi da komai. Aka yi ta yi mini sannu, aka kawo ruwa. Ban san ko wata ta gani ba, amma a motar dawowa ina ta hango haƙorana a ƙasa cikin ƙafafun mata, ana ɗagawa ana tambayar na wa ne. Na rantse a zuciyata cewa hakan ba zai sake faruwa da ni ba.

Maimakon in kira ɗana mu koma Kano, sai na yi lissafin banza. Na ce in an canza robar ma wata rana za ta sake cinyewa, ni kuma abin da nake so shi ne su zauna daram har in mutu. Akwai wani mutum da yake zuwa ranar kasuwa, yana sa wa mutane haƙorin Makka, yana kuma cire na masu ciwo. Na zumbula hijabi har ƙasa na same shi a bayan rumfunan masu tabarma. Edita, ko yanzu da nake rubutu tsigar jikina tashi take yi. Faranti ne a gabansa cike da haƙoran mutane, wasu da baƙin jini a gindi, ƙudaje na bi. Ga wani kwano da ruwa ya yi kalar dauɗa, a ciki yake tsoma kayan aikinsa. A gabana ya fyace majina, ya goge a gefen riga, ya ce Hajiya a buɗe baki. Ni da ba na shan ruwa a kofin wani, na buɗe. Ya duba, ya yi dariya, ya ce likitocin birni wayo ne da su, da gangan suke barin abu yana fita don mutum ya yi ta komawa. Ya kwaɓa wani gari ja-ja da wani ruwa mai warin fetur a murfin kwalba, ya cusa a ramukan, ya shafe gindin ƙusoshin, ya danna mini da babban yatsansa. Abin ya yi zafi kamar an sa mini garwashi. Ya ce in ciji tsumma zuwa la'asar, daga nan ko rake na ga dama in sha. Suka kuwa zauna, ko motsi ba sa yi. Na dawo gida ina yi masa addu'a.

Bayan wata biyu aka kawo mini abin da na fi so a duniya. Ɗana ya daɗe bai samu haihuwa ba, da Allah ya ba shi mace sai ya sa mata sunana. Da lokacin yaye ya yi, shi da matarsa suka kawo mini ita kamar yadda aka saba, da 'yar jakar kayanta da kwanonta na silba. Ya durƙusa ya ce ba yaye kaɗai ba ne, takwarata tawa ce, in riƙe ta har in aurar da ita. Gidan da ya yi mini faɗi tun rasuwar mahaifinsa ya dawo da rai. Kwana uku ta yi tana kukan nono, daga nan ta manne mini. A bayana take yini, a jikina take barci, in na shiga wanka tana bakin ƙofa tana bubbugawa. Ina tsokanarta da cewa ta ƙwace mini suna, tana ja mini ɗankwali. Kuma kamar yadda kakata ta yi mini, ni ma haka nake yi mata: in tauna nama ya yi laushi in ciro in sa mata a baki, in busa mata kunu, in ɗanɗana da cokalinta kafin in ba ta.

A lokacin bakina ya riga ya fara lalacewa. Da farko wani ɗanɗanon ƙarfe nake ji da safe, sai jini a jikin asuwaki. Daga baya in na danna haɓata sai in ji wani ruwa mai gishiri-gishiri ya tsatso daga ƙarƙashin haƙoran, in tofar in ga mugunya. Duk abin da na ci sai wani ya shige ƙasa, ba buroshin da ke kaiwa wurin, ba tsinke. Na gwada cirowa ina makewayi, na ja har idona ya kawo ruwa, ko gezau. Na san akwai wari, amma hanci yakan saba da na mai shi, sai na ɗauka ɗan kaɗan ne. Na koma tauna kanumfari, da citta, da goro, ina turara mayafina kamar amarya. Ashe ƙazanta nake yi wa kwalliya.

Abin da ya ƙara rufe mini ido shi ne kawaicin mutanenmu. Wa zai dubi tsohuwar malama ya ce mata bakinta na ɗoyi? A Islamiyya sai na ga ana bar mini fili hagu da dama. A wurin suna sai a zubo mini abinci a kwano daban, a ce kada a takura wa Malama. Ni kuwa sai in ƙara gyara zama, ina cewa girma ne ya zo. Ɗana in ya zo gaishe ni sai ya sunkuyar da kai fiye da da, na ce yaron nan ladabinsa ƙaruwa yake yi. Surukata, baiwar Allah, sau uku tana kawo mini tsarabar man goge baki da wani ruwan kurkura a kwalba, ta ajiye a gefen gado ba ta ce komai ba. Na bi ta da harara, na ce a raina yarinyar nan ta fara raina ni.

Mutum ɗaya ne bai san kawaici ba. Takwarata ta fara kau da kai in na matso da fuskata, in na miƙa mata taunannen nama sai ta rufe baki gam. Wata Juma'a iyayenta suka zo daga Gwaram, suka kawo soyayyar kaza. Muna zaune a tabarma bayan la'asar, na tauna tsoka, na ciro da yatsu na miƙa mata. Yarinyar nan ta dubi abin da ke hannuna, ta toshe hanci da hannu ɗaya, ta nuna bakina da ɗayan, ta faɗi kalmar da muke faɗa wa yara in sun ɗauko ƙazanta a ƙasa. Ta ce kashi. Har sau biyu ta faɗa. Ɗana ya kafa wa ƙasa ido. Ni kuwa sai zuciya ta ɗebe ni, na juya kan surukata na wanke ta tas. Na ce ita ta kitsa wa 'yar, na ce dama na lura da take-takenta, baƙin ciki take yi an ba ni riƙo. Ba ta ɗago ba, hawaye kawai ke ɗiga a kan zaninta. Sannan na yi abin da har in koma ga Allah ba zan daina jin ƙyamar kaina a kansa ba. Na jawo yarinyar, na matse mata kumatu, na tura mata naman nan a baki, na riƙe har ta haɗiye tana kuka tana yunƙurin amai. Wai ni ina nuna musu ba a raina ni. Tir da ni!

Ba a yi kwana goma ba zazzaɓi ya rufe ta. Bakinta ya yi ƙuraje, yawu na dalala, ko ruwa ba ta iya haɗiya. Na goya ta na kai asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ba 'yar ƙasar nan ba ce, daga nesa aka turo ta, Hausarta ma a karkace take. Ina fara yi mata bayani sai na ga ta ja da baya, ta jawo takunkumi ta rufe hanci. Ta duba yarinyar, ta tambaye ni ko akwai mai tauna mata abinci. Na ce ni ce, har da alfahari. Sai ta ce in buɗe nawa bakin. Ta haska, ta yi salati irin nasu, ta ce mini Mama, bakinki ya ruɓe, tun daga ƙofa ake jin warinsa, da wannan kike ciyar da jaririya? Da ƙarfi ta faɗa, ba da mugunta ba, ita dai haka ta iya magana. A kan bencin nan akwai mata sun fi goma, kuma biyu daga cikinsu ɗalibaina ne. Ɗaya na tuna ta sarai, na taɓa korarta gida ta yi asuwaki. Ita ce ta fara sunkuyar da kai, don ta rufa mini asiri.

Washegari ɗana ya zo. A mota na faɗa masa komai, tun daga guɗar Zandam har mutumin kasuwa. Kai tsaye ya wuce da ni Kano wurin likitan da ya yi mini haƙoran. Likitan da ya ga abin da aka yi sai ya riƙe kai, ya ce ba yadda za a yi su fita sai an yanka. Aka yi mini allura, aka sa inji aka raba haƙoran gida biyu. Da aka ɗaga, wani wari ya tashi wanda ni kaina, mai shi, na kasa jurewa. Kamar an buɗe masai da rana tsaka. Na ce a nuna mini, likita ya ce ba sai na gani ba, na nace. A cikin ɗan farantin ƙarfe na ga abin da na yi wata da watanni ina ɗauke da shi: dusar goro ta yi baƙi ta cure, zaren nama ya yi kore, ɓawon wake, da wani farin abu mai yauƙi, duk a cakuɗe da jini da mugunya. Ƙusa ɗaya ma ba a cire ta ba, da kanta ta biyo robar, don ƙashin da ke riƙe da ita ya cinye. Na waiga na ga ɗana ya kai hannu hanci, da muka haɗa ido sai ya yi sauri ya sauke. A nan na kelaya amai a jikina. Abin da ke yawo a kaina ɗaya ne, cewa ta cikin wannan juji nake bi da nama in sa a bakin takwarata.

Na tambayi likitan ko ni na sa mata ciwo. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, yara kan yi irin ƙurajen nan ko ba haka, amma ko lafiyayyen baki bai kamata a tauna wa yaro abinci da shi ba, balle wannan. Bai ce ni ce ba, bai kuma ce ba ni ba ce. Ɗaya ƙusar ma daga baya sai da aka cire ta. Ƙashin ya zaizaye, ba inda za a sake dasawa sai an yi wani babban aiki da jikina ba zai ɗauka ba. Yanzu irin na kofi nake sawa, waɗanda suke yawo a baki, ba na iya tauna nama, guɗa kuwa na bar ta har abada. Maƙwabciyar nan da nake yi wa dariya ita ta koya mini yadda ake cin tuwo da su ba su zame ba.

Amma ba haƙoran ne suka sa ni rubutu ba. Ranar da za mu tafi Kano ɗana ya ce bari yarinyar ta zauna wurin uwarta a Gwaram, zuwa mu duka mu warke. Ta warke, alhamdu lillahi. Ni ma na warke. Shekara uku ke nan. Sau ɗaya na buɗe baki na tambaya, ya ce an sa ta a makaranta, a bari zango ya ƙare. Zango nawa ya ƙare tun daga nan, ban sake tambaya ba, shi ma bai sake tayarwa ba. Irin kawaicin da aka yi mini a kan warin baki, shi ake yi mini a kan wannan. Na je har ɗakin surukata na nemi gafararta, ta ce ba komai Inna, ta kuwa yafe, na gani a idonta. Sai dai ko ni ce ita, ba zan mayar da 'yata hannun da ya matse mata baki ba.

Da Babbar Sallar da ta wuce suka zo mini. Takwarata ta yi tsawo, an yi mata kitso da lalle. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa. Na wanke hannu da sabulu a gabanta, na ɗauko wuƙa na yayyanka mata nama ƙanana a kwanonta na silba da ta bari, na miƙa mata. Ba ta karɓa ba sai da ta juya ta dubi uwarta, uwar ta gyaɗa kai.

'Yan'uwa, musamman tsofaffi irina, duk wanda aka sa wa abu a jiki aka ce ya ciro ya wanke, to ya ciro ya wanke, ko a tsakiyar kasuwa ne. Haƙorin roba ba abin kunya ba ne, ni yanzu a tsakar gida nake wanke nawa, kowa na gani, kuma ba wanda ya mutu. In ya lalace ku koma wurin wanda ya yi shi, kada ku kai bakinku bayan rumfa. Ku daina tauna wa jikoki abinci, wuƙa ba ta ƙare a duniya ba. Ku kuma yara, in babbanku yana ɗauke da abin da ke cutar da shi, ku ja shi gefe ku faɗa masa, ko zai zage ku, shirun nan ba ladabi ba ne. Na so in ce da an samu mai faɗa mini da ban kai haka ba, amma ƙarya zan yi. An faɗa mini. 'Yar shekara biyu ta dubi idona ta faɗa mini gaskiya, ni kuma na matse mata baki.